Ƙwaryar Furar Arzika

Ran Talata, bayan la'asar,
nad ɗauko fura daga Runjin Sambo,
rana na dukan kwalta har tana nashewa.
Ɗan kabu-kabu yac ce, "Inna, gidan yari kuma?"
Nag gyara lulluɓi, ban tanka ba.

Ƙanena ne, Arzika.
Ni nag goye shi sadda innarmu tak kwanta dama,
ni nas sai mai biro na farko da ribar ƙuli.
Da na san abin da biro ka jawowa,
wallahi da... a'a.
Da na sai mai biyu. Ban yi nadama ba.

Mi yay yi? Ƙidaya.
Takarda tac ce rijiyar burtsatse arba'in anka gina
a ƙauyukan bakin Rima.
Yah hau babur, yab bi su ɗai-ɗai,
yat tarar da tara: huɗu na tari, biyar sun ƙafe,
saura allon kwano ne kafe cikin rairayi,
jar akuya na sosa baya da shi.
Yaz zo gidan rediyo yaf faɗi lissafi.
Bai ƙara ko ɗaya ba, bai rage ba.

Sunka zo kafin ladan ya ce salla ta fi barci,
mota ba lamba, mutum huɗu ba suna.
Sunka kwashe waya da rikoda,
har littafin lissafin ɗiyarshi Kulu, 'yar aji ukku,
wai ko shi ma da magana ciki.
Takalminshi ɗaya na nan bakin zaure,
kaji na gewaya shi. Ban ɗauke ba.

Zaman farko, alƙali ya tafi taro.
Na biyu, fayil ya yi ƙafa.
Na ukku, motar fursuna ba mai.
Lauya Gidado, mai jakar da bakinta yam mutu,
yak karanta min laifin: ta da zaune tsaye.
Nac ce, wa az zaune?
Matan da ka sammako da tulu su dawo da hantsi?
Makon jiya shi ma anka gayyace shi amsa tambaya,
har yau bai gama amsawa ba.

A bakin ƙofa gandiroba yak karɓi ludayi,
yaro ne, gemu bai gama fito mai ba.
Shina dama, shina murje kowane gaya.
"Mi kake nema, ɗana?"
"Takarda, Inna. Umurni ne."
Yak kurɓa, yad dubi hagu, yad dubi dama,
yay yi ƙasa da murya kamar mai roƙon bashi:
"Garinmu na cikin arba'in ɗin.
Allon na nan. Ruwa bai zo ba."

Sai ga Arzika, wuya ya yi tsawo,
ƙurajen zafi sun cinye mai kafaɗa.
Yat tambayi Kulu, yash sha rabi, yam miƙa ma na bayanshi.
"Yaya, mu saba'in da ukku ne a ɗakin mutum ishirin.
Tulu biyu. Taga ɗaya.
Akwai tsoho daga Achida, shekara shida kan buhun gero,
ko fuskar alƙali bai gani ba."

Nac ce, "Kai har yanzu ba ka daddara ba?"
Yay yi dariya har haƙarƙari na motsi.
"Ba ni da biro, Yaya. Riƙe min a ka."
Ni da ban taka makarantar boko ba.

Da fita, yaron yas sake duba ƙwarya,
yak kife ta, yaƙ ƙwanƙwasa gindinta,
yam miƙo min da hannu biyu.
Saba'in da ukku, ishirin, biyu, ɗaya, shida.
Ina tafe a hankali kamar mai ɗauke da ruwa,
har Runjin Sambo, har gaban Kulu da sabon littafinta,
ko ɗigo ban zubar ba.